Darasi na 14: Baƙon Daji a Hanyar Fitsari da Yadda Yake Ɓad da Kama a Hoton Asibiti

Abin da za mu koya

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya faɗin sassan hanyar fitsari, ya bambanta ciwon dajin da ya tsiro a wuri da wanda ya yi ƙaura ya zo, ya kuma san dalilin da ya sa likita kan ce hoto ɗaya bai isa ba. Darasin ba zai mai da kowa likita ba. Zai dai taimaki wanda ya raka mara lafiya asibiti ya gane abin da ake gaya masa, ya kuma san abin da ya kamata shi ma ya faɗa.

Mu fara daga wurin fiɗa

Duk mutumin Potiskum ya san ƙoda ko da bai taɓa shiga aji ba. Garin da kasuwar shanunsa ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma ba ya rasa mahauta, kuma ranar layya kowane gida mahauta ne. In an feɗe rago an kwashe kayan ciki, a leƙa can jikin gadon baya, za a ga ƙoda biyu lulluɓe da kitse, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta rago ta fi ta sa kama da ta mutum, domin ta sa gaɓa-gaɓa take, ta rago kuwa sumul kamar ƙwayar wake. A tsaga ta biyu da wuƙa. Gefenta nama ne ja, a tsakiya kuma akwai wani ɗan farin aljihu. Daga aljihun nan wani siririn bututu ya fito ya gangara har mafitsara. Yawancin masu fiɗa ba su kula da shi, jijiya suke ɗaukarsa su yanke su yar.

Haka tsarin yake a jikin ɗan Adam. Ƙodar babban mutum takan kai tsawon santimita 10 zuwa 12. Su biyun suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a kowace rana, su mayar wa jiki kusan dukkansa, abin da ya rage, kimanin lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Fitsarin yana taruwa a aljihun ƙoda, ya bi bututun ƙoda mai tsawon santimita 25 zuwa 30, wanda faɗinsa bai wuce na tsinken ashana biyu ba, ya zuba a mafitsara. Ita kuma tana riƙe kimanin rabin lita, wato ledar fiya wata guda, kafin ta matsa wa mai ita ya nemi bayan gida. Ku riƙe sirantar bututun nan a zuciya, za mu dawo kansa.

Ɗan gida da baƙo

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Suna hayayyafa, suna tsufa, suna mutuwa bisa ƙa'ida. Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara wasu kansa, yana farawa ne sa'ad da wasu ƙwayoyi suka yi wa ƙa'idar nan tawaye, suka yi ta yaɗo ba tsayawa har suka zama ƙari.

Dajin da ya tsiro a ƙoda ko a mafitsara tun asali, a wannan darasi za mu kira shi ɗan gida. Wanda ya tsiro a nono, ko huhu, ko hanji, ko bakin mahaifa, sannan ya aiko da 'ya'yansa hanyar fitsari, shi ne baƙo. Baƙo ba ya sauya asali. Bakano ko ya shekara talatin yana saye da sayarwa a Potiskum, da ya buɗe baki za a ji Kananci. Dajin nonon da ya sauka a ƙoda har yanzu dajin nono ne, kuma da maganin dajin nono ake tunkararsa.

Bambancin nan ba na suna kaɗai ba ne. Ɗan gidan ƙoda, in bai bazu ba, tiyata ce maganinsa, a yanke ɓangaren ƙodar ko a cire ta gaba ɗaya, kuma da yawa sukan warke. Baƙo kuwa, in an cire ƙodar dominsa, galibi an yi asarar ƙoda ne kawai, tunda tushensa yana wani wuri. Shi ruwan kemo, ko ƙwayoyin sha, ko gashi da hasken na'ura ake yi masa, gwargwadon garin da ya fito.

Hanya uku yake bi ya iso. Ta farko maƙwabtaka: a jikin mace mafitsara tana jingine da bakin mahaifa, a jikin namiji tana zaune a kan wani ƙullutu mai suna furostet, babban hanji kuma yana bayansu. Daji a ɗaya daga cikinsu yana iya cin katanga ya shigo, kuma yawancin baƙin mafitsara ta nan suke zuwa. Ta biyu hanyar kaluluwa, irin wadda ke kumbura a hammata ko matsematsi in an ji rauni. Akwai irinta jere a jikin gadon baya, dab da bututun ƙoda. Ta uku jini.

A 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya bi takardun mata 735 da dajin nono ya kashe, ya lura cewa ciwon ba ya sauka barkatai, akwai gaɓoɓin da ya fi so. Ya kwatanta lamarin da iri da ƙasa. Manomi ba ya bukatar ƙarin bayani a nan, ya san shinkafa ta fadama ce, gero na jigawa. Hanta da huhu da ƙashi su ne fadamar yawancin daji. Ƙoda, duk da cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinta yake bi, ba kasafai baƙo ke bayyana kansa a cikinta ba, sau da yawa ma yana nan shiru ba wata alama. Abin da ba a saba gani ba kuwa, ba shi ke fara zuwa zuciyar mai dubawa ba.

Idanun asibiti

Hoton eksire shi ne babban yaya, tun 1895 da Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus. Ƙashi yake nunawa da duk abin da ya ƙandare kamar alli, bai iya nuna naman ƙoda sosai ba.

Sikanin, wanda mata masu juna biyu suka sani, da sauti yake aiki, irin wanda kunne ba ya ji. Na'urar tana aika sautin cikin jiki, ta saurari amsa-kuwwarsa, ta zana. Ruwa yakan fito baƙi, tsakuwa fara tas da inuwa a bayanta. Ba shi da illa, ya fi araha, kuma akwai shi a Potiskum. Rauninsa biyu: iskar hanji tana tare masa tsakiyar bututun ƙoda, sannan ingancinsa yana hannun mai riƙe da na'urar. Abin da ya sa ake cewa a sha ruwa a riƙe fitsari kafin a yi shi, mafitsarar da ba komai a cikinta yamutsewa take yi kamar salkar da aka zazzage, ba a ganin bangonta.

Hoton CT, wanda aka fara yi wa mara lafiya a Landan a 1971, yana nuna jiki yanka-yanka kamar burodi. Akan yi allurar wani ruwan rini a jijiya don a ga yadda kowane nama ke shan jini. Rinin yana iya wahalar da ƙoda mai rauni, shi ya sa ake gwajin jini kafin a yi shi, kuma mace mai ciki ta faɗa tun ba a tambaye ta ba. Hoton MRI da maganaɗisu yake aiki, ya fi kowanne iya bayyana abin da ke cikin ƙugu. Waɗannan biyun akan tura mutum manyan asibitocin koyarwa dominsu, kamar na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, kimanin kilomita 100 daga nan, ko na Maiduguri, ko Gombe, ko na Malam Aminu Kano.

Duk huɗun inuwa suke kawo wa likita, ba naman kansa ba. A bango da dare, inuwar tulu da ta mutumin da ya tsuguna ba su da wani bambanci.

Rigunan aro a ƙoda

Kamannin da aka san baƙo da su a ƙoda su ne ƙananan ƙulle-ƙulle da yawa, sau da yawa a ƙoda biyun, a binne cikin nama, ba su shan rini sosai. Ɗan gida kuwa yakan zo shi kaɗai, babba, ya turo waje, kuma irinsa da aka fi gani yana shan rini har ya yi haske. In kowa ya tsaya a rigarsa, aiki ya yi sauƙi. To ba kullum suke tsayawa ba.

Wani baƙon, musamman na babban hanji, yakan zo shi kaɗai, ƙato, ya turo waje, sak ɗan gida. Wani kuma yakan fito da siffar yankan kankana, faɗi a waje tsini a ciki. Wannan siffa ita ce ta ƙodar da ƙwayoyin cuta suka kama, ita ce kuma ta ɓangaren ƙodar da jini ya daina kai wa. A nan hoto ba ya raba gardama shi kaɗai. Likita zai tambayi zazzaɓi, ya duba ko da mugunya a fitsari, ya ba da magani, ya ce a dawo bayan 'yan makonni a sake hoto. Ciwon ƙwayoyin cuta yakan baje, daji yana nan daram, ko ma ya ƙaru. Wanda ya ji sauƙi ya ƙi dawowa, shi ya katse binciken da hannunsa.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne wanda ba ya yin ƙulli ko kaɗan. Jiƙa ƙodar yake yi kamar yadda man ƙuli ke jiƙa takarda. Ƙodar ta ƙara girma amma tana nan da siffarta ta wake, ba wani kumburi da za a nuna da yatsa. Sankarar kaluluwa ta shahara da wannan, har da irin wadda ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ita wannan sankara, in ma ta yi ƙulli, a sikanin takan fito baƙa ƙirin har a ɗauka jakar ruwa ce. Jakar ruwa a ƙoda kuwa abu ne da ya zama ruwan dare ga dattawa, kuma yawanci ba ta da wata illa. Kama da wane ba wane ba ne.

Akwai kuma wanda ba ya shiga ƙodar, sai ya naɗe ta ta waje a cikin kitsen nan da muka gani a wurin fiɗa, kamar rawani. Dajin fata baƙi yana yin haka, yana kuma saurin zubar da jini, har hoton ya nuna gudan jini kawai, ƙarin ya ɓuya a ƙarƙashinsa. A wurin baƙar fata wannan daji a tafin ƙafa ya fi fitowa, baƙin tabo ko gyambon da ya ƙi warkewa. Wa zai yi tunanin haɗa tafin ƙafa da ƙoda in ba a cire takalmi an nuna ba?

Mesar da aka taka

Mai ban-ruwa a lambu ya san hanya biyu da ruwa ke yankewa a mesa: ko tsakuwa ta toshe ta daga ciki, ko wani ya taka ta daga waje. Bututun ƙoda ma haka. Tsakuwa in ta maƙale, mutum yakan yi ta birgima don azaba, kuma hoton CT yana nuna ta fara fat. Matsi daga waje kuwa a hankali yake zuwa, cikin watanni, sau da yawa ba zafi. Fitsari ya yi ta taruwa a sama, aljihun ƙoda ya buɗe, naman ƙoda ya yi ta sirancewa, mai ita yana harkokinsa.

Abin ban mamaki, wani lokaci a hoto ba a ganin ƙafar da ta taka mesar. Ƙoda ta kumbura, bututu ya tsuke a wani wuri, amma ba tsakuwa, ba ƙari. Wani nau'in dajin nono da dajin tumbi sun iya wannan aiki. Ƙwayoyinsu ba su taruwa wuri ɗaya, sai su bi jikin bututun a jere kamar tururuwa, su sa naman da ke kewaye ya taurare ya shaƙe shi. Na nono yana iya yin haka bayan shekara goma ko fiye da cire nonon.

A ƙasarmu babban mai take bututun ƙoda a jikin mata shi ne dajin bakin mahaifa, domin bututun biyu ta gefen bakin mahaifa suke ratsawa kafin su shiga mafitsara. A 2020 an ƙiyasta mata kimanin 12,000 sun kamu da shi a Najeriya, kimanin 8,000 sun rasu. A ma'aunin likitoci na duniya, da zarar wannan daji ya kumbura ƙoda, an lissafa shi a mataki na uku cikin huɗu, komai ƙanƙantarsa a ido. Saboda shi ne aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafi kyauta a Najeriya a Oktoban 2023.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Mutanen Yobe sun san ciwon ƙoda, labarin yawansa a Gashuwa da kewayenta ba baƙo ba ne ga kowa. Saboda haka da mutum ya fara amai da shaƙuwa, ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, sai dangi su yanke hukunci: ƙoda ta mutu, sai wanki. Ba kullum ba. In toshewa ce ta hana fitsari sauka, sikanin na 'yan mintoci zai nuna ƙoda biyu a kumbure da ruwa. A nan ana iya zura siririyar roba ta cikin bututun, ko a huda kwiɓi a sa roba kai tsaye cikin ƙodar, fitsari ya samu mafita, kuma in ba a makara ba ƙodar takan farfaɗo. Bai kamata a fara maganar wankin ƙoda na dindindin ga kowa ba sai an yi masa wannan sikanin.

Gara a cikin azara

Ɗan gidan mafitsara daga fatar ciki yake tsirowa, ya turo kai cikin fitsari kamar farin kabeji. Yana saurin zubar da jini, kuma wannan rahama ce a fakaice, domin jan fitsari yana kai mutum asibiti. Baƙo kuwa daga waje yake tahowa, ko ya zauna a tsakiyar bango, fatar ciki tana nan lafiya lau. Aikin gara ne a azara, yaɓe yana ƙyalli, ciki ya zama gari. Ko an zura kyamara ta hanyar fitsari an leƙa, ana iya ganin fata sumul. Abin da hoto zai nuna kawai, bango ya yi kauri, mafitsara ta ƙanƙance. Wannan kuwa ita ce siffar tsohon ciwon sanyi, da ta tarin fuka in ya sauka hanyar fitsari, da ta mafitsarar dattijon da furostet ya daɗe yana tare wa fitsari, da ta wadda aka taɓa yi wa gashi.

Wani lokaci ba ƙarin ake gani ba, sawunsa ake gani. Iska a cikin mafitsarar mutumin da ba a sa wa roba ba tana iya nufin hanji ya huda ya shigo, mai ita zai ce fitsarinsa yana fita da kumfa da tusa. Yoyon fitsari ga matar da ta daɗe da daina haihuwa ba irin na doguwar naƙuda ba ne, dole a duba bakin mahaifa. Akasin haka ma yana faruwa. Gudan jini yakan yi kama da ƙari a sikanin, sai mai hoto ya ce mara lafiya ya juya gefe: gudan jini ya gangara, ƙari kuwa yana manne.

Wani ɗan gyara a nan. A rediyo akan ce "kansar mafitsara" alhali ta furostet ake nufi. Maƙwabta ne, amma ciwo biyu ne, magani biyu. In likita ya faɗi haka, a tambaye shi wacce daga ciki.

Tsargiya, mai ɓata sawu

Likitan da ke aiki a Yobe yana da wata matsala da takwaransa na Landan ba shi da ita. Yara da yawa da suka yi wanka a kududdufi ko suka yi su a dausayin Haɗeja da Nguru sun yi fitsarin jini, har wasu iyaye suna ɗaukarsa alamar balaga. Tsargiya ce, tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Ƙwayayenta suna maƙalewa a bangon mafitsara da ƙasan bututun ƙoda. A sikanin sukan yi tudu-tudu kamar ƙari, su kaurara bango, su tsuke bututu, su kumbura ƙoda. Wato kusan duk rigar da muka ce baƙon daji yana arowa, tsargiya tana da irinta a akwati.

Kuskuren yana iya faɗawa ta kowane ɓangare. Ana iya tsorata iyayen yaro da sunan daji alhali ƙwayar praziquantel za ta baje tudun cikin watanni. Ana kuma iya cewa dattijo "tsohuwar tsargiya ce" alhali daji ne. Abin da ya ƙara dagula lissafi, ita kanta tsargiyar in ta daɗe tana haifar da dajin mafitsara, hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin tabbatattun masu jawo shi tun 1994. A hoton eksire matattun ƙwayayen sukan zana farin zobe a kewayen mafitsara, in zoben ya yanke a wani gefe, likita yakan zargi ƙari ne ya cinye wurin. Ƙa'idar da za a riƙe: jini a fitsarin babban mutum, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, ba a cewa tsargiya ce sai an bincika.

Misali

Ga wani misali da aka tsara don darasi. Wata dattijuwa 'yar shekara hamsin da biyar, ɗanta ya kawo ta da ciwon kwiɓi da kasala. An yi sikanin, ƙodar dama a kumbure, ba tsakuwa. An ba ta maganin sanyi sau biyu, ba canji. A zuwa na uku likita ya ajiye takardar hoton ya fuskance ta.

"Mama, an taɓa yi miki wani aiki a asibiti?"

"A'a likita, ni ban da haihuwa ba abin da ke kai ni."

Ɗan ya gyara zama. "Inna, aikin da aka yi miki a Kano fa?"

"Kai, wannan ai ya wuce, shekara tara ke nan. Kuma ni ƙugu na kawo, ba ƙirji ba."

"Wane aiki ne, Mama?"

Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ɗan ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce nono aka cire mata.

Hoton bai sauya ba, takardar da ke kan tebur ita ce dai ta ɗazu. Amma yanzu likita ya san inda zai sa ido, zai rubuta wa likitan hoto wannan tarihi a takardar CT, shi kuma ya bi bututun a hankali yana neman ɗan kaurin da da zai wuce bai kula ba. Mun saba cewa gani ya kori ji. A ɗakin hoto ba haka ba ne, ji ne ke yi wa gani jagora. Kunyar dattijuwar nan abin fahimta ce, sai dai ta ci mata wata biyu da kuɗin magani sau biyu.

"Daji ba ya son ƙarfe"

In hoto da tarihi sun kai iyakarsu, saura shaida ta ƙarshe: a ɗebo ɗan nama a duba a madubin likita. Akan kashe zafin wurin, a zura siririyar allura ana kallonta a sikanin ko CT, a ciro tsoka kamar zaren lilo. A madubi ne baƙo ke buɗe baki a ji harshen garinsu.

A nan ne dangi da yawa ke ɗauke mara lafiyarsu su koma gida, domin an ce daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata. Ana iya gane inda maganar ta samo asali. Yawancin mutanenmu sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa asibiti, a ɗebi nama yau, bayan wata biyu a yi rasuwa, sai a ɗora wa allura laifin da na jinkiri ne. Yaɗuwar daji ta sawun allura abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, kuma likitoci sun san 'yan wuraren da ba a hudawa, su kauce musu. Ƙin gwajin kuwa yana nufin ɗaya daga biyu: ko a cire ƙodar da bai kamata a cire ba, ko a yi ta ba da magani a makance.

Ko an tabbatar baƙo ne, ba a naɗe hannu. Dajin nono da na furostet sukan yi shekaru a daure da magani, sankarar kaluluwa ma ana warkewa daga gare ta, buɗe hanyar fitsari kuma yana sauƙaƙa wahala ya ba da damar yin kemo.

Tambayoyi

1. Ka faɗi sassan hanyar fitsari daga sama zuwa ƙasa.
2. Me ya sa cire ƙoda ke amfanar mai daji ɗan gida, amma galibi ba ya amfanar mai baƙo?
3. Ta yaya mai sikanin ke bambanta gudan jini da ƙari a mafitsara?
4. Wani dattijo ya ga jini a fitsarinsa sau ɗaya, ya ce tsargiyar yarinta ce ta dawo. Me za ka ce masa?
5. Ku tattauna a aji: a cikin misalin da muka kawo, wace hanya ɗan zai bi ya sanar da likita tarihin mahaifiyarsa ba tare da ya kunyata ta ba?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya nemi leda mai kauri ko ambulan babba. Ya tattara duk takardun asibitin mutum ɗaya na gidansu, katin asibiti, sakamakon sikanin, faifan CT, takardar gwajin nama, ya jera su daga tsohuwa zuwa sabuwa. A bangon ambulan ya rubuta da hannunsa kowane aiki da aka taɓa yi wa mutumin, da shekarar, da garin. Kada a yar da tsohon hoto don an yi sabo, da shi likita ke gane abin da ya ƙaru. A zo da ambulan ɗin aji mako mai zuwa a rufe, malami rubutun bango kawai zai duba.